Neman shawara: ta yaya zan ƙara yawan kalmomin Turanci kafin jarrabawar JAMB?

Ɗan Gangare, Jos:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da yayye da ke wannan zaure, tare da fatan kowa yana lafiya. Ni mazaunin Gangare ne a cikin garin Jos, na gama sakandare shekara biyu da suka wuce, kuma na taɓa zama jarrabawar JAMB sau ɗaya, amma makin da na samu bai kai ni ga karatun haɗa magunguna da nake nema a Jami'ar Jos ba. Da na zauna na duba sakamakon da kyau, sai na ga cewa a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ban yi abin kunya ba, Turanci ne ya janyo ni ƙasa, domin maki 44 kawai na samu a cikin 100.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba zama na yi na naɗe hannu ba. Tun wata shida kafin jarrabawar na ɗauki ƙamus na fara haddace shi daga harafin farko, ina ɗaukar shafi ɗaya kowace rana bayan sallar asuba, amma wata uku suka cika ban fita daga harafi na biyu ba. Daga nan na shiga wani wurin lesin inda aka sayar mana da takardu masu ɗauke da manyan kalmomi kusan 2,000, kowace kalma da ma'anarta guda ɗaya a gabanta, aka ce duk wanda ya haddace su ya gama da Turanci. Na haddace fiye da rabi. Da na zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawa, abubuwa biyu suka same ni: kalmomin da na haddace kaɗan ne suka fito, waɗanda suka fito kuma na san na taɓa ganinsu amma ma'anar ta ɓace mini, sannan ga ƙananan kalmomi waɗanda nake ganin na san su tun firamare, amma an sa su a jimla ta yadda ma'anar da na sani ba ta shiga ko kaɗan.

Yanzu saura kamar wata huɗu a sake zama. Ina taya yayana zaman shago a kusa da Taminus daga safe zuwa la'asar, ba ni da kwamfuta, sai dai wayar hannu ƙarama, kuma ba kullum nake da kuɗin data ba. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su nuna mini: shin in ci gaba da hadda ne in ƙara ƙwazo, ko akwai wata dabara da ban sani ba? Kalmomi nawa ya kamata mutum ya koya a rana, kuma daga ina zai samo su? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami, Bukuru:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na koyar da Turanci a sakandare kusan shekara talatin kafin in yi ritaya, kuma ba a taɓa yin shekarar da ban ga yaro mai ƙoƙari ya faɗa ramin da ka faɗa ba. Laifin ba na ƙwaƙwalwarka ba ne, domin wanda ya iya riƙe kalmomi fiye da dubu a kansa ba za a ce masa dakiki ba. Laifin na takardar da aka ba ka ne, wadda ta koya maka cewa kowace kalma tana da ma'ana guda, alhali ba haka harshe yake ba.

Ka ɗauki kalmar "ci" ta Hausarmu. A ce wani Bature mai koyon Hausa an ba shi irin takardarka, an rubuta masa cewa ma'anar "ci" ita ce sa abinci a baki a haɗiye, ya haddace tsaf. Ranar jarrabawa sai aka kawo masa: wane ya ci zaɓe, wane ya ci bashi, wance ta ci amana, yau kasuwa take ci, wuta ta ci gidan, an ci shi tara. Me haddarsa za ta tsinana masa? To, haka Turanci yake. Ka san "grave" da ma'anar kabari, amma "a grave mistake" kuskure ne mai muni. Ka san "novel" da ma'anar littafin labari, amma "a novel idea" sabon tunani ne da ba a saba da shi ba. Ka san "sound" da ma'anar sauti, amma "sound advice" shawara ce mai inganci. Masu tsara tambayoyi sun fi son irin waɗannan kalmomi a kan manyan kalmomin da babu mai amfani da su, kuma sukan ajiye ma'anar da kowa ya sani a cikin zaɓin amsoshi a matsayin tarko. Shi ya sa umarnin tambayar ba ya neman ma'anar kalma tsagwaronta, yana neman abin da ya fi kusa da ma'anarta, ko kishiyarta, a cikin wannan jimlar da ke gabanka.

Ya kamata kuma ka san girman abin da kake fuskanta. Tambayoyin Turanci 60 ne a cikin 180 na jarrabawar duka, kuma waɗanda suka shafi kalma mai kama da kalma ko kishiyar kalma kai tsaye ba su ne mafi yawa ba. Sauran sun haɗa da auna fahimta, da cike gurbi a cikin nassi, da fassara manufar jimla, da nahawu, da furuci, da tambayoyi a kan littafin labarin da hukumar ta zaɓa. Dukkansu suna bukatar sanin kalmomi, amma irin sanin da ake samu daga ganin kalma tana aiki a tsakanin 'yan'uwanta.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce karatu, kullum, ba fashi. Ka nemi shafin ra'ayin jarida na Daily Trust ko The Guardian ko The Punch, ko da tsohuwar jarida ce ta makon jiya wadda mai sayarwa zai bar maka da araha, domin kalmomin ba sa tsufa. Ka karanta sharhi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka tsaya buɗe ƙamus ba, kana ja wa kalmomin da suka shige maka duhu layi da fensir. Ka dawo ka yi hasashen ma'anar kowace daga abin da ke gabanta da bayanta, sannan ka buɗe ƙamus ka ga ko ka dace. Wannan hasashen kada ka raina shi, domin shi ne ainihin aikin da za ka yi a ɗakin jarrabawa inda babu ƙamus. Masanin koyar da kalmomi Paul Nation, na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya nuna cewa mai karatu yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin nassi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace hamsin. Abin da wannan yake nufi a wurinka shi ne, in ka ga kana ja layi a kowane saɗara, to nassin ya fi ƙarfinka a yanzu, ka sauka zuwa labarun cikin gida ko na wasanni, ka hau a hankali.

Daga kowane sharhi kada ka ɗauki fiye da kalma biyar zuwa bakwai. Ka keɓe littafin rubutu guda, ka kwafe jimlar da ka tsinci kalmar a ciki gaba ɗayanta, ka rubuta ajinta, ko suna ce ko aikatau ko sifa, ka rubuta kalmomin da take tafiya da su, sannan ka ƙirƙiri jimlarka ta kanka a kan wani abu na rayuwarka. Maganar abokan tafiyar kalma tana da muhimmanci ƙwarai ga Bahaushe, domin mu muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin yunwa, duk da aikatau ɗaya, shi kuwa Turanci ya raba su. Haka nan "ara" a wurinmu tana ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa, amma Turanci ya ware "lend" ga mai bayarwa, "borrow" ga mai karɓa, kuma na ga ɗalibai masu yawa sun rasa maki a kan wannan kaɗai. Don haka nake cewa ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi domin masu koyo, irin na Oxford da A. S. Hornby ya assasa, shi ne abokin aikinka, domin yana kawo misalan jimloli da alamar furuci. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani in ma'ana ta ƙi zama, amma kada ya zama shi ne madogara.

Abu na ƙarshe shi ne sassan kalma. Kai da ka san cewa "ɗinka" ta haifi maɗinki, "karanta" ta haifi makaranta, kuma ka san cewa ilimi da malami da ta'alimi saiwarsu ɗaya a Larabci, ba baƙo ba ne a wannan fage. Kaso mai yawa na kalmomin Turancin boko daga Latin da Girkanci suka fito, wasu kuma ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. In ka san "bene" tana nuni da alheri, "mal" kuma da sharri, ka sami mabuɗin "benevolent" da "benefactor" da "malevolent" da "malice" a lokaci guda. In ka san "chron" lokaci ne, "chronic" da "chronology" sun zo hannu. Kai ɗalibin kimiyya ne, ka riga ka san "hydro" da "photo" da "micro" daga Kemistiri da Bayoloji. Sai dai ka yi hattara, domin ɗafa-goshi yakan yaudari mutum: "invaluable" ba ta nufin marar daraja, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta, kuma "inflammable" abu ne mai saurin kamawa da wuta, ba akasin haka ba.

Ma'aikaciya, Kubwa, Abuja:

Ina gaida Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da a ce saura shekara guda ko biyu ne da ban ƙara komai ba. Amma ina neman afuwa in ɗan bambanta da shi a wuri ɗaya, domin ƙanena ya ce wata huɗu ya rage, kuma karatu shi kaɗai yana da jinkiri. Kalma takan bukaci ka gamu da ita sau da yawa kafin ta zauna, kuma kalmar da ka gani a jarida yau mai yiwuwa ne ba za ka sake ganinta ba sai bayan wata biyu, lokacin da ta riga ta gudu. Ni na zauna jarrabawar IELTS, ta auna ƙwarewa a Turanci, a nan Abuja lokacin da nake neman gurbin karatun digiri na biyu, na kuma zauna jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki, kuma a duka biyun hadda ta taimake ni. Abin dubawa shi ne me aka haddace, kuma yaya aka yi bitarsa.

Dangane da abin da za a haddace, ka ajiye waccan takarda ta lesin. Akwai jerin kalmomin karatun boko da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, wanda ake kira Academic Word List, mai ɗauke da iyalan kalmomi 570, wato kowace kalma tare da waɗanda aka tsiro daga gare ta, da aka tace daga littattafai da maƙalun jami'a na fannoni daban-daban. Ana samunsa kyauta a intanet, ka sauke shi sau ɗaya ka gama da maganar data. An kasa shi gida goma, gida na farko shi ne na kalmomin da suka fi yawan fitowa, irin su "analyse" da "assume" da "derive" da "significant". Ka lura cewa ba kalmomin burga ba ne, kalmomi ne da ake gina nassin auna fahimta da su. In ka ɗauki iyali biyar kowace rana, kwana 114 ya ishe ka, kuma na tabbata akwai da yawa da ka riga ka sani waɗanda za ka wuce su da sauri. Tushe na biyu shi ne tambayoyin shekarun baya, amma ba don ka haddace amsa ba. A kowace tambaya akwai zaɓi huɗu, kuma ukun da ba su ne amsa ba su ma kalmomi ne da masu tsara jarrabawa suke ganin ya kamata ɗalibi ya sani, saboda haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dangane da bita kuwa, mu da muka yi makarantar allo ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Babu malamin da zai bar almajiri ya yi ta ƙari ba tare da tilawar baya ba, domin an san cewa haddar da ba a waiwayarta zubewa take yi. Abin da ƙanena ya yi shi ne ƙari kullum babu tishi. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwaje-gwajensa a 1885, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma kowace bita tana rage saurinta. A kan wannan ne wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya tsara dabarar akwatuna a farkon shekarun 1970, kuma ita na bi. Na yanka kwali ƙanana daidai tafin hannu, a fuska ɗaya na rubuta jimla da kalmar a ciki, a bayan kuma ma'ana da kishiya. Na sami ambulan guda huɗu. Na farko ina duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu bayan mako biyu. Katin da na tuna ma'anarsa kafin in juya shi yakan ci gaba zuwa ambulan na gaba, wanda na manta kuwa yakan koma na farko ko da ya kai na huɗu. Amfanin wannan shi ne lokacinka yana tafiya ne a kan kalmomin da suke ba ka wahala, ba waɗanda ka riga ka mallaka ba.

Akwai manhajar waya mai suna Anki da ke yin wannan lissafi da kanta, kuma ta wayoyin Android kyauta ce, tana aiki ba tare da data ba. Duk da haka ni kwali na fi so, domin rubuta katin da hannu ma rabin koyo ne, kuma kwali ba ya mutuwa in babu wuta. A cikin motar haya daga Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya na yi mafi yawan bitata, kai kuma kana da zaman shago, inda ba a rasa minti biyar tsakanin mai saye da mai saye. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka juya katin sai ka tilasta wa kanka tunowa, domin kallon ma'ana kana gyaɗa kai ba bita ba ce.

Ɗalibar Jami'a, Rikkos, Jos:

Ina gaida Baba Malam da Anti. Ni ban daɗe da wuce wannan mataki ba, don haka zan taɓo abubuwa biyu da ba a ambata ba, waɗanda suka kusa kayar da ni.

Na farko shi ne Turancin da muke ji kullum a gari. Mu mutanen Jos muna da sa'a, domin muna cuɗanya da ƙabilu da yawa, kunnenmu ya saba da Turanci fiye da na wasu garuruwan Arewa, amma wannan sabon yana da illarsa, saboda abin da kunne ya saba da shi shi ne yake yi wa mutum kama da daidai a cikin zaɓin amsoshi. Muna cewa "severally" da nufin sau da yawa, alhali a daidaitaccen Turanci tana nufin kowa daban-daban. Muna cewa "go-slow" da nufin cunkoson motoci, alhali a Ingila tana nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don nuna fushi. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, har da "okada" da "danfo" da "Kannywood", kuma na ji wasu suna kafa hujja da wannan. Amma shigar da kalma ƙamus da alamar cewa ta Nijeriya ce bai mai da ita amsar da za a karɓa a tambayar daidaitaccen Turanci ba. Na keɓe shafuka a bayan littafina don irin waɗannan, duk wadda na gano sai in rubuta ta tare da takwararta.

Na biyu shi ne furuci. Kalmar da ka koya da ido kawai ka koyi rabinta ne, domin akwai tambayoyi a kan wasula da baƙaƙe da amsa-amo da gaɓar da ake dannawa. Sai da na fara sauraro na gane cewa ba a furta harafin "b" a "debt" da "subtle" da "plumber", kuma ba a furta "p" a "receipt". Haka nan "record" in suna ce gaɓar farko ake dannawa, in aikatau ce gaɓa ta biyu. Mu Hausawa kuma muna da tamu matsalar ta rarrabe "p" da "f", ga sautukan "th" guda biyu da babu su a harshenmu. Abin da ya taimake ni shi ne shirin BBC mai suna 6 Minute English, wanda yake zuwa da rubutun abin da aka faɗa, sai in saurara sau ɗaya ba tare da kallon rubutun ba, in sake saurara ina bi da ido. In ka sami data sau ɗaya a mako, ka sauke guda biyar ka ajiye.

Ka kuma tuna da agogo. Tambaya 180 a cikin sa'a biyu tana nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma kai mai lissafin Fiziks da Kemistiri kana bukatar ka rage lokaci daga Turanci ka kai can. Kalmar da sai ka yi minti ɗaya kana laluben ma'anarta ba ta gama zama taka ba. Mu uku muka riƙa haɗuwa ranar Asabar muna jefa wa juna kalmomi, wanda aka jefa wa dole ya sa ta a jimla nan take, in ya yi jinkiri ko ya yi kuskure a mayar da katin ambulan na farko. Kada kuma ka bar littafin labarin da aka zaɓa sai makon ƙarshe, domin tambayoyinsa maki ne a fili, kuma shi kansa wurin tsintar kalmomi ne.

Ɗan Gangare, Jos:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Anti, da 'yar'uwata. Na yi shiru mako guda ne domin in gwada kafin in dawo. Na haɗa shawarwarin biyu: da safe kafin in fita shago ina karanta sharhin jarida ɗaya in ɗauki kalma biyar, a shago kuma ina bitar katuna, waɗanda na yanka daga kwalayen da ake zubarwa. Na duba gida na farko na jerin da Anti ta ambata, na tarar na san fiye da rabinsu a ido, amma da na zo sa su a jimla sai na ga sanin nawa sama-sama ne. Ga jimloli uku da na rubuta da kalmomin wannan mako, ina roƙon Baba ya duba mini: "The committee comprises of five members." Ta biyu: "The trader was alleged of selling fake drugs." Ta uku: "Warm clothes can mitigate the effects of the harmattan cold."

Akwai kuma abin da yake damuna game da tambayoyin cike gurbi. Na lura nassin yakan zama a kan fanni guda, kamar shari'a ko banki ko aikin gona, kuma duk zaɓin huɗun sukan yi kama da juna a wurina. Shin akwai hanyar shirya wa wannan daban?

Tsohon Malami, Bukuru:

Madalla, ɗana, haka ake so. Kafin in duba aikinka, ina so in ce 'yata ta Kubwa ta yi gaskiya a kan maganar lokaci, kuma na karɓi gyaranta, tun da katin nata jimla yake ɗauke da ita ba kalma tsirara ba.

Jimla ta uku daidai take, kuma na ji daɗi da ka ɗauko ta daga sanyin garinmu, domin ba za ka manta da ita ba. Ka dai kiyaye kada ka sa mata "against" a gaba, wannan na "militate" ne, kuma ana yawan haɗa su a tambaya ɗaya don a rikita ɗalibi. Jimla ta farko tana da kuskuren da har a jaridu ake yinsa: "comprise" ba ta ɗaukar "of" a irin wannan gini, sai ka ce "comprises five members", ko ka ce "consists of five members". Ta biyu kuma ka ba "allege" kayan "accuse". Ana cewa "accused of selling", amma "alleged to have sold". Ka ga ma'anar kalmomin biyu ka san ta, abin da ya kuɓuce maka shi ne abokan tafiyarsu, kuma da ba ka rubuta jimlolin ba da ba mu gano ba. Ka mayar da katunan biyu ambulan na farko, ka rubuta ginin daidai a bayansu da jan biro.

Game da cike gurbi, abin da ake aunawa shi ne kalmomin sana'a, wato yadda kowane fanni yake da bakinsa, kamar yadda mahauci yake da sunan kowane yanki na nama wanda mai saye bai sani ba. Ka ware wa kowane fanni shafi biyu a littafinka, ka ba shi mako guda. A makon shari'a ka bi labarun kotu a jarida, ka jera kalmomin bisa tafiyar ƙara, daga kama wanda ake zargi, zuwa gurfanar da shi, zuwa beli, zuwa shaida, zuwa hukunci, zuwa ɗaukaka ƙara, ta yadda za ka ga inda "plaintiff" da "defendant" da "verdict" da "acquit" suke zama, ka kuma rarrabe "convict" da "sentence". A makon banki ka bi kuɗi daga ajiya zuwa rance zuwa jingina, a makon asibiti ka bi majinyaci daga yankar kati zuwa sallama. Ka fara da shari'a a wannan mako, ka rubuta sakin layi ɗaya na jimla shida a kan wata ƙara da ka ƙirƙira, ka kawo shi nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in duba maka.